Yadda zaka saita kash na CDN ba tare da ka nuna ma kwastoma tsohon farashi ba

Salamu alaikum 'yan'uwa masu harkar sit da ordinatar. Abin da ya sa na zauna rubuta wanga bayani, kwanan baya wani Alhaji mai saida shadda da atamfa nan wajen babbar kasuwa ya kira ni ranshi a ɓace, wai ya canza farashin kaya a sitinshi tun da safe saboda canjin naira ya motsa, amma har bayan la'asar wani kwastoma daga Tasawa yana ganin tsohon farashi a wayarshi, har ya ɗauki hoton ekran ya turo mishi a WhatsApp yana cewa Alhaji ai ga abin da kunka rubuta. Kun san ɗan kasuwar Maradi, asarar jika biyu ba ta kai mishi zafin a ce ya yi magana biyu ba. Yaron da ya yi mishi sit ɗin ya sa shi bayan Cloudflare, wani kamfanin CDN mai ajiye kwafin shafuka don su buɗe da sauri, wanda abu ne mai kyau, sai dai ya kunna kash, wato ajiyar, ma komi da komi ya tahi abinshi. A satin kuma na ga wani sit na makaranta, shi ma yana bayan CDN amma ba abin da ake ajiyewa ko ɗaya, kowace buɗewa sai an tahi Faransa an dawo. Mutum biyu, kuskure biyu, kuma tushen guda ne, ba su zauna sun raba kayan sit ɗin ba sun ce wanga a ajiye shi shekara, wanga minti biyar, wanga kada a kuskura a ajiye shi.

Bari in fara da mene ne abin ma, don wanda bai saba ba. Mafi yawan sit ɗinmu sabar ɗinsu, wato ordinatar da sit yake zaune a kanta, ba a Nijar take ba, tana Faransa ko Jamus ko Amurka, kuma mu ƙasarmu ba ta da teku, intanet ɗinmu sai ya bi fibar ta ƙasashen maƙwabta kamar Benin da Najeriya kafin ya kai ga wayoyin ƙarƙashin teku. Haske cikin fibar yana gudun wajen kilomita 200,000 a sakan, wato kowane kilomita 1,000 yana cin milisakan 5 zuwa, 5 dawowa, ka ga kamar ba komi ba ne amma shafi ɗaya yana iya neman fayil 60 ko 80, ga gaisuwar da waya da sabar suke yi kafin ma a fara turo komi, ga reso da yake hawa da sauka. CDN kamfani ne da ya baza sabobi a garuruwa da yawa na duniya, sai ya tsaya tsakanin mai buɗe sit da sabar ɗinka, abin da anka taɓa tambaya ya riƙe kwafinshi, na biyu in ya zo a miƙa mishi nan take. Kamar ɗan kasuwa ne da yake da mangaza a gari, ba duk wanda ya zo neman turmi ɗaya ne za a tada mota zuwa Kano ko Kotonu ba. Wannan ajiyar ita ce kash. Akamai ne tsohon hannu a harkar tun 1998, akwai CloudFront na Amazon, akwai Fastly, akwai bunny.net na ƙasar Sulobeniya da ake biya gwargwadon giga, amma ni da Cloudflare zan yi misali saboda yana da tsari na kyauta kuma mu nan matsalar katin biya ta intanet kowa ya san ta. Ka'idar dai ɗaya ce ko'ina, sunan maɓallai ne kawai yake bambanta.

Abu ɗaya da nake so ya zauna maka tun yanzu, kash biyu ne ba ɗaya ba. Akwai na CDN, akwai kuma na burauzar da ke cikin wayar mutum, Chrome ko Opera ko ma wace ce. Na CDN yana hannunka, ko da tsakar dare ka so ka share shi zaka share. Na cikin wayar mutane kau ba ka da iko da shi, in ka ce ma wayar wani ta riƙe shafi kwana bakwai to ta riƙe ke nan, ba maɓallin da zaka danna daga Maradi ya goge abin da ke wayar mutumin Dakoro. Abin da ya samu Alhaji ke nan. Kuma na wayar ne yake ceton megar mutane, don in hoto yana cikin waya ba a sake sauke shi, shi na CDN sauri yake ƙarawa da rage ma sabar nauyi amma forfe ɗin mutum yana ci daidai yadda zai ci.

Kafin ka taɓa komi, duba halin da kake ciki

Kada ka ce na ji kamar ya yi sauri, ji ba awo ba ne, reso ne wataƙila ya gyaru a lokacin. Farko ka shiga wajen DNS a Cloudflare, inda ake haɗa sunan sit da sabar ɗinshi, ka tabbata girgijen da ke gaban sunan sit ɗinka ruwan lemo ne, in toka-toka ne to zirga-zirgar ba ta bi ta CDN sam, duk saitin da zaka yi aikin banza ne. Sannan a ordinatar ka buɗe taga ta umarni, Windows 10 da 11 suna zuwa da curl, a wayar Android kuma Termux yana yi, ka rubuta:

curl -sI https://sitinka.ne/hotuna/shadda.jpg

Zai zubo maka kanun amsa, layi uku zaka nema, cf-cache-status da cache-control da age. In ka ga MISS ma'ana ba a samu a ajiya ba an tahi sabar an ɗauko, sake bugawa karo na biyu ya kamata ka ga HIT, wato daga mangaza anka ba ka. DYNAMIC yana nufin Cloudflare bai ma ɗauki abin a matsayin na ajiyewa ba, BYPASS kuma amsar sabar ce ta hana shi ajiyewa, EXPIRED ya ajiye amma wa'adi ya cika ya koma ya sabunto. Shi age yana gaya maka sakan nawa abin ya yi a ajiye. Ka gwada hoto ɗaya, fayil na CSS ɗaya, da shafin farko, ka rubuta sakamakon a takarda don ka samu abin kwatantawa daga baya.

In kana so ka san daga wane gari ake ba ka, ko a waya kake, buɗe sitinka.ne/cdn-cgi/trace ka duba layin colo, harufa uku ne na filin jirgin garin, LOS Legas ke nan, CDG Paris, MRS Marseille. Gwada da sim daban-daban, Airtel, Moov, Zamani, sau da yawa ba gari ɗaya zasu kai ka ba don kowane kamfani da hanyar da yake hita. Kada ka damu in ka ga Turai ce, ko a hakan akwai riba, don sabar ɗinka ta huta da gina shafi kuma CDN ya fi ƙaramin hosting saurin amsawa nesa ba kusa ba.

Raba kayanka kashi uku

Nan ne aikin yake, sauran duk danne-danne ne. Ɗauki biro ka rubuta.

Kashi na farko kayan da ba su canzawa kuma kowa iri ɗaya yake gani, hotuna, tambari, haruffa, fayilolin CSS da JavaScript masu ba shafi kamanni da motsi, PDF da anka gama. Na biyu kayan da kowa iri ɗaya yake gani amma suna canzawa, shafin farko, labarai, jerin farashi, sanarwa. Na uku kayan da na mutum ɗaya ne, shafin shiga da modepas, kwandon sayayya, wajen biya, sakamakon ɗalibi da sai ya sa lambarshi, wajen admin. Na farko shekara, na biyu mintoci, na uku haram. In ka rasa inda wani shafi ya faɗa, tambayi kanka, in mutumin Gidan Runji ya ga daidai abin da mutumin Madarunfa ya gani a shafin nan akwai matsala? In akwai to na uku ne.

Kashi na farko

Cloudflare da kanshi yana ajiye irin waɗanga ta hanyar duba ƙarshen sunan fayil, jpg, png, webp, css, js, pdf, mp3 da sauransu, kuma in sabar ɗinka ba ta faɗi wa'adi ba yana riƙe amsa mai lamba 200 na minti 120. Awa biyu ya yi kaɗan ga hoton da ba zai taɓa canzawa ba. Ni na fi son a faɗi wa'adin daga sabar, ba daga allon Cloudflare ba, saboda gobe in ka koma wani CDN saitinka yana nan tare da kai. In da Apache sabar ɗinka take aiki, wanda shi ne a yawancin hosting masu cPanel, sa wanga a fayil ɗin saiti mai suna .htaccess:

<FilesMatch "\.(jpg|jpeg|png|webp|svg|woff2|css|js)$">
Header set Cache-Control "public, max-age=31536000, immutable"
</FilesMatch>

In Nginx ne kuma:

location ~* \.(jpg|jpeg|png|webp|svg|woff2|css|js)$ {
add_header Cache-Control "public, max-age=31536000, immutable";
}

Lambar 31536000 sakan ɗin shekara ɗaya ce, ka haddace 'yan'uwanta, 3600 awa, 86400 kwana, 604800 sati. Kalmar public tana cewa kowa na iya ajiyewa har CDN, immutable kuma tana ce ma burauza kada ma ki wahalar da kanki kina tambaya ko ya canza.

Amma fa akwai sharaɗi, kuma wanda ya tsallake shi zai yi kuka. In ka ba fayil shekara, ranar da zaka canza shi sai ka canza mishi suna. Ka gyara tambari, kada ka ɗora sabo da sunan logo.png, sa mishi logo-2.png ka gyara shafin ya nuna sabon suna. CSS ma haka, style.css ya koma style-v7.css ko style.css?v=7. WordPress, kayan aikin gina sit, yana yin wanga da kanshi ta hanyar ?ver= da yake liƙawa a ƙarshe, kayan aiki irin su Vite kuma suna sa wasu haruffa cikin sunan fayil duk lokacin da ka sake gini. In ka san kai ko mai sit ɗin ba zaku iya riƙe wanga ɗabi'a ba, musamman in mai shago ne da kanshi yake ɗora hoto daga waya yana maimaita suna, to rage zuwa sati ɗaya ka cire immutable, ba laifi ba ne.

Wani abu a gefe, kash ba ya rage girman hoto. Hoton da anka ɗauka da waya yana kai mega 3 ko 4, ka ɗora guda ashirin a shafi ɗaya ka cinye ma bawan Allah forfe ɗin yini, ko HIT ne ko MISS. Rage faɗinshi zuwa 1200 ko ƙasa, maida shi WebP, sannan a yi maganar kash.

Kashi na biyu, inda ake samun riba kuma inda ake ƙonewa

Cloudflare ba ya ajiye HTML, wato shafin kanshi, sai ka ce mishi, shi ya sa zaka ga DYNAMIC a shafin farko. Kuma shafin nan shi ne mafi nauyi ga sabar, don WordPress sai ya tada PHP ya tambayi MySQL sau da yawa kafin ya haɗa shi. Ka tuna ranar da sakamakon BEPC ko BAC ya hito, ko makaranta ta saki jerin waɗanda anka ɗauka, kowa da iyayenshi da 'yan unguwa a lokaci ɗaya suke buɗewa, ƙaramin hosting ba zai ɗauka ba. In ka ajiye shafin ko na minti biyar ne, mutum dubu su buɗe cikin mintocin nan, sabar ɗinka 'yan tambayoyi kaɗan zata gani.

Ga yadda nake yi. A allon Cloudflare shiga Caching, sannan Cache Rules, tsarin kyauta yana ba ka doka 10, sun isa. Tsohuwar hanya ita ce Page Rules mai guda 3, in ka ga bidiyo yana koyar da ita to tsoho ne, bi sabuwar. Yi doka ta farko, sharaɗinta sunan sit ɗinka, ka zaɓi Eligible for cache. A wajen Edge TTL, wanda shi ne wa'adin ajiyar CDN, zaɓi wanda yake cewa a bi kanun da sabar ta turo, in babu kuma a wuce ba ajiya. Kada ka zaɓi wanda yake watsi da maganar sabar ya sa nashi wa'adi, zan faɗi dalili a ƙasa, ban da haka ma a tsarin kyauta mafi ƙarancin abin da zaka iya sawa da hannu awa 2 ne, ya yi yawa ga farashi.

Sai ka sa sabar ta riƙa turo waɗanga layuka biyu a kan shafukan kowa da kowa:

Cache-Control: public, max-age=0, must-revalidate
CDN-Cache-Control: max-age=300, stale-while-revalidate=60, stale-if-error=86400

Layin farko da waya yake magana, yana ce mata kina iya riƙewa amma kullum ki tambaya kafin ki nuna, in bai canza ba za a amsa mata da 304 wanda 'yan bayit ne kawai ba sake saukewa. Layi na biyu da CDN kaɗai yake magana, an tsara shi a takardar ƙa'idar intanet mai suna RFC 9213 a shekarar 2022 kuma Cloudflare yana jin shi, yana cewa riƙe minti biyar, in wa'adi ya cika kana iya ba mutum tsohon na ɗan lokaci kana ɗauko sabo ta baya, in kuma sabar ta faɗi gaba ɗaya ci gaba da ba da tsohon har kwana ɗaya. Wanga na ƙarshe ina son shi ƙwarai, musamman ga waɗanda sabar ɗinsu tana cikin biro nan gari, wuta ta ɗauke a watan Afrilu ana tsakar zafi batir ya ƙare, mutane su ci gaba da ganin shafi maimakon saƙon kuskure.

Zaka ga wasu suna amfani da s-maxage=300 cikin Cache-Control, shi ma yana aiki kuma kusan kowane CDN ya san shi, sai dai a ƙa'idar HTTP, RFC 9111, s-maxage yana ɗauke da ma'anar kada a ba da tsoho ba tare da an tambayi sabar ba, don haka in ka haɗa shi da stale-while-revalidate suna iya karo. Shi ya sa na raba su layi biyu.

Yanzu tarkon da ya kama yaron Alhaji. A Caching, Configuration, akwai Browser Cache TTL, yana zuwa a kan awa 4, kuma in wa'adin da sabar ɗinka ta faɗa bai kai haka ba Cloudflare yana ɗaga shi zuwa awa 4 a kan abin da yake ajiyewa. Da hotuna ba matsala, amma ranar da ka kunna ajiyar HTML sai ya zama wayoyin mutane suna riƙe jerin farashi awa huɗu, kai kana can kana share kash kana mamaki. Maida shi Respect Existing Headers. Don Allah kada ka manta wanga, minti ɗaya ne aikin.

Kashi na uku

Nan ba wasa. Ka yi tunanin wata Hajiya ta shiga asusunta a sit, shafin ya hito da sunanta da lambar wayarta da unguwarsu, CDN ya ajiye, na bayanta ya buɗe ya ga komi. Wanga ya wuce maganar sit ya lalace, amanar mutane ce ka zubar, kuma a garin da kowa ya san kowa. Kariya biyu ake sawa ba ɗaya ba. Ta farko daga sabar, duk shafin da yake na mutum ɗaya ya hito da:

Cache-Control: private, no-store

Ka lura no-cache ba ya nufin kada a ajiye, sunan yana ruɗin mutane, ma'anarshi a ajiye amma a tambaya kafin a ba da. Wanda yake hana ajiya shi ne no-store, private kuma yana cewa wayar mai shi kaɗai, ban da CDN.

Ta biyu a Cache Rules, yi doka ka zaɓi Bypass cache, in WordPress ne sharaɗin ya ƙunshi adireshin da ke da /wp-admin ko /wp-login.php ko /wp-json, da duk wanda kukinshi, wato 'yar alamar da sit yake ajiyewa a burauzar mutum don ya gane shi, yake ɗauke da wordpress_logged_in. In akwai WooCommerce, wanda yake maida WordPress shago, ƙara /cart da /checkout da /my-account, da kuki woocommerce_items_in_cart da wp_woocommerce_session. Mu da muke girka WordPress da Faransanci sai a kula, shafukan suna iya zama /panier da /commande da /mon-compte, buɗe sit ɗin ka duba ainihin sunan kada ka kwafo na wani ka liƙa. Kuma jerin dokoki yana da muhimmanci, a Cache Rules in doka biyu sunka yi karo ta ƙarshe ce take ci, don haka dokar Bypass ta zauna ƙasa da dokar ajiya.

Dalilin da na ce kada ka tilasta Edge TTL ga shi. In sabar ta turo amsa da Set-Cookie, wato tana ba mutum alamar zamanshi, Cloudflare a al'adance ba ya ajiye ta. Amma in ka ce mishi yi watsi da sabar ka ajiye, zai cire kukin ya ajiye shafin, har wanda sabar ta ce private. Ka ga ka kashe kariyar farko da hannunka. Ta wani gefen kuma in ka yi komi daidai amma shafin farko ya ƙi zama HIT, duba ko wani fulogin ne, wato ƙarin kayan aikin da ake liƙa ma WordPress, yake raba ma kowane baƙo kuki, masu ƙirga baƙi da masu canza harshe sun cika yin haka, cire shi ko ka nemi wani.

Gwajin da nake yi kafin in ce ma mai sit an gama, waya biyu nake ɗauka, in shiga asusu a ɗaya in zagaya shafuka in sa kaya a kwando, sannan in buɗe shafukan nan a ɗayar wadda ba ta shiga ba. In na ga baƙin layin admin a sama ko kaya a kwando, to akwai ɓaraka, a kashe dokar ajiya nan take a share komi a sake dubawa.

Maganar Facebook da wutsiyar adireshi

CDN yana gane abu ne da cikakken adireshinshi har abin da ke bayan alamar tambaya. Mu kuma yawancin baƙinmu daga Facebook da WhatsApp suke zuwa, shi Facebook yana liƙa ?fbclid= da dogayen haruffa daban ga kowane dannawa, sai CDN ya ɗauka kowane sabon shafi ne, kowa MISS, ajiyar ba ta amfani kowa ba a daidai lokacin da ka fi buƙatarta. Maganin shi ne a dokar shafuka, wajen Cache key, ka kunna Ignore query string. Amma a yi hankali, kada ka kunna shi ma sit gaba ɗaya, don ?ver=7 na CSS zai daina aiki, binciken WordPress mai ?s= kowa zai riƙa ganin sakamakon wanda ya fara nema, in kuma adireshin labaranka irin ?p=123 ne duk zasu koma labari ɗaya. Ni doka daban nake yi, in ce in wutsiyar ta fara da fbclid= to a yi watsi da ita, sauran a bar su yadda suke.

Sharewa

In ka canza abu kana so ya hito yanzu, Caching, Configuration, Custom Purge, ka sa adireshin shafin daidai yadda yake, da https da www in akwai. Ka tuna labari ɗaya yana bayyana a wuri fiye da ɗaya, shafin kanshi, shafin farko, shafin rukuni, duk sai ka share. Fulogin ɗin Cloudflare na WordPress yana iya yin wanga da kanshi duk lokacin da anka sabunta rubutu, ga mai shago da ba zai shiga allon Cloudflare ba shi ya fi. Purge Everything kau a bar shi sai dole, don ka kwashe mangaza kaf ne, duk wanda ya zo sai an tahi sabar, in lokacin cunkoso ne kai da kanka zaka kada ta. In aiki kake yi a kan sit kana ta canje-canje, kunna Development Mode, yana tsallake kash na awa 3 sannan ya kashe kanshi. Kuma in akwai wani fulogin na kash a cikin WordPress, irin LiteSpeed Cache ko WP Super Cache, fara share nashi sannan na Cloudflare, in ka juya tsarin CDN zai koma ya ɗauko tsohon ya sake ajiyewa.

Akwai abin da zai ba ka mamaki in sit ɗinka ba shi da baƙi da yawa, ka sa shekara amma gobe ka ga MISS. Ba kuskurenka ba ne, kowane gari da ajiyarshi, na Legas bai san abin da na Paris ya riƙe ba, kuma abin da ba a yawan tambaya ana hidda shi don a ba wani wuri. Kunna Tiered Cache, kyauta ne, yana sa ƙananan cibiyoyi su fara tambayar babba kafin a dami sabar ɗinka.

Sai masu ɗora wa'azi da tafsiri, na san da azumi ana samun masu wanga aiki sosai a Maradi, Allah ya saka musu. Fayil ɗin mp3 yana shiga kash, iyakar girman fayil ɗaya a tsarin kyauta mega 512 ne, karatun awa ɗaya bai kusa kai nan ba. Sai dai sharuɗɗan Cloudflare ba su yarda a maida CDN na kyauta wajen raba bidiyo da manyan fayiloli zalla daga sabar waje ba, in sit ɗin kusan duk sauti ne to a zuba fayilolin a R2, ma'ajiyar fayiloli ta Cloudflare, wanda ba ya cajin kuɗin saukewa kuma yana da giga 10 na ajiya kyauta, ko a koma bunny.net, shafukan kuma su zauna inda suke. A sa ma kowane karatu suna da kwanan wata, kamar tafsir-rana-12.mp3 cikin jakar shekararshi, a ba shi shekara ɗaya, in an gyara sautin a ƙara -2 a sunan. Magana ce ba kiɗa ba, 48 kbps mono ya wadatar, awa ɗaya zata tsaya wajen mega 21 maimakon kusan 58 a 128 kbps, mai sauraro a ƙauye da reso sanda biyu zai iya saukewa kafin a sha ruwa.

Shi sit ɗin Alhaji abin da munka yi ke nan, hotunan shadda shekara, shafukan farashi minti biyar a CDN sifili a waya, kwando da wajen biya Bypass, Browser Cache TTL ya koma bin sabar. Waɗanda wayarsu ta riga ta riƙe tsohon shafi sai da wa'adin ya cika da kanshi, ba yadda munka iya da su, sai dai Alhaji ya sa yaronshi ya tura sabon farashi a status. Bayan kwana biyu ka koma Caching, Overview ko wajen Analytics ka duba kashi nawa ake bayarwa daga ajiya, ka sake buga curl ɗin nan uku ka kwatanta da abin da ka rubuta a takarda, hoto HIT da max-age=31536000, shafin farko HIT da age da bai wuce 300 da 'yan kai ba, shafin kwando kuma BYPASS ko DYNAMIC ko sau goma ka buga.